Waiwaye: Wa ke da waƙa, mai ganga ko mai murya?

A watan Yulin 1980 wasu makaɗa huɗu daga birnin Niyu Yok suka sauka a Nassau, babban birnin tsibiran Bahamas, suka shiga situdiyon Compass Point ba tare da gamammiyar waƙa ko ɗaya a hannu ba. Kamfanin faifai na Sire yana can yana jiran kundinsu na huɗu. Su kuwa abin da suka zo da shi bai wuce kayan kiɗa ba, sai kuma ƙullin da kowa ya riƙe ɗan'uwansa da shi a zuci.

Sunan ƙungiyar Talking Heads. Uku daga cikinsu, David Byrne mai waƙa, Chris Frantz mai ganga da Tina Weymouth mai jitar bes, sun san juna tun suna ɗalibai a makarantar zane-zane ta Rhode Island. A 1975 suka fara wasa a wani ɗan kulob mai suna CBGB, inda suke share wa ƙungiyar Ramones fage. Jerry Harrison, mai kibod da jita, ya shigo a 1977, shekarar da Frantz da Weymouth suka yi aure. A lokacin duk wanda ya fito daga CBGB ana kiransa ɗan pank, gidajen rediyon Amurka kuwa ba sa son jin wannan suna, don a wurinsu pank hayaniya ce da rashin kunya. Shi ya sa Seymour Stein, mai kamfanin Sire, ya dage a riƙa kiran makaɗansa 'yan New Wave. A gaskiya laƙabin ya fi dacewa da su. Ba sa yaga riga, ba sa tofa wa 'yan kallo yawu. In ka gan su a dandali sai ka ɗauka akawuna ne da aka tashi daga ofis.

Kafin tafiyar Nassau, auren ƙungiyar ya kusa mutuwa. 'Yan jarida sun mai da Byrne shi ne komai, sauran ukun kuma tamkar yaran da ya ɗauka haya. Frantz da Weymouth suka tafi dogon hutu a tsibiran Karibiyan suna shawarar ko su bar tafiyar, har suka leƙa Haiti suka ga yadda ake bugun ganga a wuraren ibadar gargajiya, suka kuma zauna da Sly Dunbar da Robbie Shakespeare, gwanayen ganga da bes na Jamaika. Da suka dawo sai aka yi wata yarjejeniya. Ba za a sake bin tsohuwar hanya ba, wadda Byrne zai rubuto waƙa daga ɗakinsa ya kawo a ɗora mata kiɗa. Yanzu kiɗa za a fara, kowa da hannunsa a ciki, magana ta biyo baya.

Wannan dabara ba daga iska suka tsinto ta ba. Furodusansu, Bature ɗan Ingila Brian Eno, ya daɗe da kamuwa da son kiɗan Fela Kuti, kuma faifan Fela na 1973 mai suna Afrodisiac shi ne ya zama musu madubi. Waƙoƙi huɗu ne kawai a faifan, ciki har da Jeun Ko Ku wadda da ita sunan Fela ya fara tashi a Najeriya. Wanda ya saba da kiɗan rok, in ya ji wannan faifai, abin da zai fara ɗaure masa kai shi ne kiɗan ba ya zuwa ko'ina. A rok ana tashi daga baiti a haura amshi, a sauya murya, a ba mai jita fili ya nuna bajinta, sannan a sauka. A wurin Fela kowane makaɗi an ba shi ɗan guntun kari nasa, ya yi ta maimaitawa minti goma ko fiye, kuma guntun nasa ba shi da wani daɗi shi kaɗai sai ya shiga cikin gurbin da ɗan'uwansa ya bari. Jita biyu suna saƙa, bes yana riƙe da ƙasa, ƙahonni suna shigowa su fita, Tony Allen kuma yana zaune a kan ganguna kamar ba ya komai alhali gaɓoɓinsa huɗu kowanne da abin da yake faɗa. Eno ya sha cewa mai yiwuwa duniya ba ta taɓa yin mai ganga kamar Allen ba.

Ga mutanen da ke rigima a kan wane ne babba, wannan tsari ya zo daidai. Kiɗa ne da ba shi da gaba da baya.

Abin da suka riƙa yi a Compass Point shi ne a kunna tef, su yi ta kiɗa ba tsari, kowa ya bi inda hannunsa ya kai shi. Bayan haka a zauna a saurara. In aka ji wasu 'yan daƙiƙoƙi da suka yi armashi, sai a ware su, kowa ya koyi abin da ya buga a daidai wurin, sannan su koma su maimaita shi da hannu na tsawon mintuna ba tare da sauyi ba. Yau yaro mai kwamfuta a ɗakinsa zai yanko wannan guntu ya jera shi sau ɗari cikin ƙiftawar ido. A 1980 sai dai ɗan'adam ya zama injin da kansa, kuma wannan wahala ta bar alama mai kyau a faifan, domin hannun mutum ba ya maimaita abu daidai wa daida, kullum akwai ɗan numfashi a ciki. Ba kowa ne ya iya jure salon ba. Injiniyan sauti na farko, Rhett Davies, ya ajiye aikin bayan 'yan kwanaki, wani matashi ɗan Jamaika, Steven Stanley, ya karɓa.

Daga cikin waɗannan guntaye aka sami wanda ya zama Once in a Lifetime. Weymouth ta ce karin bes ɗin ma ba ita ta ƙirƙiro shi ba, mijinta ne yake ta ihu daga bayan ganguna ana tsakiyar kiɗa, ita kuma ta kwaikwayi ihun da jitarta. Kari ne gajere ƙwarai, da gibi a tsakiyarsa, kuma tun daga farkon waƙar har ƙarshenta bai gusa ba. Harrison ya shimfiɗa wani sauti na kibod a sama mai ƙyalli kamar ɓulɓular ruwa. Sai kuma wani abu da ya faru bisa kuskure: Eno ya ji mafarin karin a wani wuri daban da inda makaɗan suke jin sa. Wato inda su suke ƙirga bugu na ɗaya, shi a kunnensa ba nan ne farko ba. Maimakon a tsaya gardamar wa ya yi daidai, sai ya bar kowa a kan lissafinsa, aka ɗora sassan a kan juna. Shi ya sa har yau mai sauraro yake jin waƙar kamar tana lilo, ya rasa takamaiman inda zai sa ƙafa, amma kuma jikinsa ya ƙi tsayawa. Baiti da amshi ma ba a kiɗan aka bambanta su ba. A wurin haɗa sauti ne ake ɗaga wasu layuka a kashe wasu, sai kunne ya ɗauka an shiga wani sashe.

Eno da kansa bai so wannan kiɗa ba da farko, saura kaɗan a jefar da shi. Byrne ne ya dage cewa zai samo masa magana. Amma da aka koma Niyu Yok, a situdiyon Sigma Sound, maganar ta ƙi zuwa, don kiɗan da ba ya sauya murya ba ya ba mai rubutu ƙugiyar da zai rataya waƙa irin ta Turawa. Mafita ta zo daga rediyo. Byrne ya riƙa sauraron fastocin Amurka masu wa'azi ta iska, yana lura da yadda suke kama jimla ɗaya su yi ta dawowa kanta, kowane dawowa da ƙarin zafi, har jama'a su fara amsawa. Ya ɗauki wannan salo, ya zama a baitocin ba rerawa yake yi ba, huɗuba yake yi. Eno kuma ya tsaya gaban makirfo ya yi ta rera sautuka marasa ma'ana har karin amshin ya fito, sannan Byrne ya cusa masa kalmomi. Sai waƙar ta zama kira da amsa, mai wa'azi a gaba, jama'a a baya.

Abin da huɗubar ke cewa mai sauƙi ne. Mutum ne ya farka a tsakiyar rayuwarsa, ya duba ya ga ya tara duk abin da ake cewa a tara, muhalli da abin hawa da iyali, amma ya kasa tuna ranar da ya zaɓi ko ɗaya daga ciki. Kwanaki sun yi ta wucewa da shi yana gyangyaɗi. Masu sharhi da yawa sun ɗauka zambo ce ga masu neman abin duniya, musamman da yake ta fito a daidai hawan Ronald Reagan mulki. Byrne ya musanta, ya ce magana ce a kan yadda dukanmu muke tafiyar da rayuwa rabi a farke rabi a barci. Na fi yarda da shi, saboda a muryarsa ba a jin raini, firgita ake ji.

Kundin, Remain in Light, ya fito a watan Oktoban 1980, masu sharhi suka yi ta yabo, ya kai na 19 a jadawalin Billboard. Waƙar kuma aka fitar da ita a ƙaramin faifai a farkon 1981. A Amurka ta faɗi warwas, ko cikin ɗari na farko ba ta shiga ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A lokacin rediyon ƙasar a rabe yake bisa launin fata, tashoshin rok na farare, tashoshin sol da fank na baƙaƙe. Ba a ma daɗe ba da wani dare a watan Yulin 1979 da dubban matasa suka taru a filin wasan Comiskey Park na Chicago aka fasa tarin faya-fayan disko da nakiya. Duk abin da ya yi kama da kiɗan rawa, tashoshin rok suna gudunsa. Tashoshin baƙaƙe kuma ba su ga abin da zai sa su kunna wani farin saurayi mai muryar firgici yana wa'azi ba. Waƙar ta faɗa rami tsakanin gida biyu. A Birtaniya, inda a lokacin rediyon BBC ke cakuɗa komai a tasha ɗaya, ta haura har ta 14.

Abin da ya raya ta a gida hoto ne. Byrne ya haɗa kai da Toni Basil, gwanar tsara rawa, suka nemo tsofaffin finafinan da jami'o'in Kalifoniya suka ajiye na masu wa'azi da masu bori da masu ibada iri-iri daga Afirka da Japan da Amurka, suka yi nazarin yadda jiki ke motsi in mutum ya fita hayyacinsa. Da kuɗi kaɗan suka ɗauki bidiyon: Byrne cikin kwat da tabarau, gumi na zuba, yana zabura kamar ana fizgar sa da igiya, yana sara hannunsa da ɗaya hannun. Ranar 1 ga Agustan 1981 tashar MTV ta buɗe, tana neman bidiyon da za ta cike awa 24 da shi, wannan kuwa ba wanda zai gan shi ya manta. Daga baya Jonathan Demme ya ɗauki wasansu a gidan kallo na Pantages a watan Disamban 1983, ya fitar da fim ɗin Stop Making Sense a 1984. Rerawar da ke cikin wannan fim ce ta leƙa jadawalin Amurka a 1986, ta tsaya a ta 91, bayan an sa ta a wani fim na barkwanci. Iyakar abin da kasuwar Amurka ta ba ta ke nan. Amma a shekarar 2000 gidan rediyon NPR ya sa ta cikin ayyukan kiɗa 100 mafi muhimmanci da Amurka ta samar a ƙarni na 20, kuma a 2017 Laburaren Majalisar Dokokin ƙasar ya shigar da kundin cikin taskar sautukan da ake adana wa tarihi.

Labarin waƙar da aka raina ta zo ta yi suna labari ne da aka saba ji, ba shi ya sa na waiwayo ta ba. Abin da ya fi jan hankalina shi ne abin da aka rubuta a bayan kwalin faifan.

Ta fuskar Afirka, ba za a ce Byrne da Eno sun yi ɓoyo ba. Sun ambaci Fela a hirarraki ba sau ɗaya ba. Byrne har jerin littattafai ya haɗa wa 'yan jarida tare da kundin, ciki da littafin John Miller Chernoff na 1979, African Rhythm and African Sensibility, wanda marubucinsa ya yi shekaru a Gana yana koyon kiɗa, har da zama a Tamale wurin makaɗan Dagomba masu buga lunga, 'yar'uwar kalangunmu. Wasu sun yi wa wannan jerin littattafai dariya, suka ce rok ya koma aji. Ni ina ganin mutunci ne ka nuna rijiyar da ka sha. Kuma sun yi wayon da masu aro da yawa ba sa yi. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara, su kuwa ba rigar Fela suka ara ba, yadda ake ɗinkin suka koya. Ba ƙaho a waƙar, ba Turancin buroka, ba zagin soja. Frantz ba Tony Allen ba ne, kuma bai yi ƙoƙarin zama shi ba, bugunsa a miƙe yake, da nauyi. Da sun nace sai sun yi afrobit sak, da sun fito da jabun da ba wanda zai tuna da shi yau. Ba ko'ina aron nasu ya yi kyau ba, dole a faɗa: a wani kundi da Byrne da Eno suka fitar su biyu a 1981, My Life in the Bush of Ghosts, wanda suka ɗauko sunansa daga littafin Amos Tutuola, sun ɗora kiɗa a kan karatun Alƙur'ani na wasu 'yan Aljeriya, sai da wata majalisar Musulmi ta Birtaniya ta yi ƙorafi aka cire shi daga bugu na gaba. Mai ɗaukar sauti daga nesa yakan ji daɗin murya bai san nauyin abin da ake faɗa ba.

To amma mutanen da suka iya gode wa Legas sun kasa yi wa na cikin ɗakinsu adalci. Frantz ya ba da labari, har a littafinsa na 2020, cewa an yi alkawari za a jera sunayen mutum biyar ɗin bisa tsarin haruffa a matsayin waɗanda suka yi kiɗan. Da samfurin kwalin ya iso sai suka ga Byrne da Eno ne aka ambata da suna, sauran ukun kuma an dunƙule su a ƙarƙashin sunan ƙungiya. Wannan ba zancen fahariya ba ne kawai. A dokar haƙƙin mallaka ta Turawa, wanda aka rubuta a matsayin marubucin waƙa shi ke karɓar kaso duk lokacin da aka kunna ta a rediyo ko aka sa ta a fim, har bayan ransa. Kuma al'adar wannan doka ta fi ganin kalmomi da karin murya a matsayin waƙa, ganga da bes kuwa ado ne. Sai ga waƙar da aka gina tun daga ihun mai ganga da yatsun mai bes, an auna ta da ma'aunin da bai san da zamansu ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Kafin mu yi wa Turawa dariya, mu tambayi kanmu: cikin dubban masu son Mamman Shata, mutum nawa ne za su iya kawo sunayen uku daga makaɗan kalangunsa? Alhali in aka cire wannan kalangu, rabin abin da ke sa mutum gyaɗa kai ya tafi. Darasin da nake gani a nan na masu aiki tare ne, ko a situdiyo ko a wani wuri. Ranar da ake cikin daɗin aiki kowa yakan ce ai namu ne duka. Maganar wa ya yi me, da wa zai sami me, a ranar ya kamata a yanke ta a rubuta, tun ba a san ko abin zai yi kuɗi ba. In aka bari sai an ga riba, zumunci ba ya ɗaukar nauyinta.

An gyara rubutun a bugu na baya, sunaye biyar suka fito. Amma tabon bai goge ba. Eno bai sake yi musu furodusa ba. Frantz da Weymouth suka koma Compass Point tare da Steven Stanley suka kafa tasu ƙungiyar, Tom Tom Club, kuma a nan abin dariyar yake: waƙarsu Genius of Love, wadda kusan ganga da bes ce zalla, ta kai ta 31 a Amurka, ta shiga tashoshin baƙaƙen da suka ƙi Once in a Lifetime, mawaƙan hip-hop suka yi ta yankar ta, har Mariah Carey ta gina Fantasy a kanta a 1995. Talking Heads ta ci gaba, ta ma sami babbar kasuwa da Burning Down the House a 1983, amma a 1991 ta watse, kuma sauran sun ce a jarida suka ji labarin. Sun yi wasa tare sau ɗaya a 2002 da aka karrama su. A 2023 suka zauna a dandali ɗaya a Toronto don sake fitar da fim ɗin Demme, suka yi hira, ba wanda ya taɓa kayan kiɗa.

Shi kuwa Fela, a watan Satumban 1984, shekarar da Stop Making Sense ya fito, an kama shi a filin jirgin saman Legas yana shirin tafiya wasa Amurka, bisa tuhumar fitar da kuɗin waje. Aka yanke masa shekara biyar, bai fito ba sai a 1986. Masu sauraron da almajiransa na nesa suka buɗe wa kunne suna can suna jira, malamin yana kurkuku.

Angélique Kidjo, 'yar Jamhuriyar Benin, ta bar gida zuwa Faransa a 1983, kuma a can ta fara jin Once in a Lifetime. Ta ce tana ji ta gane kiɗan gida ne, ko da abokanta suka ce mata na wasu Amurkawa ne. A 2018 ta sake rera kundin Remain in Light gaba ɗayansa, ta ƙara masa ƙahonni, ta saka harsunan ƙasarta, ta kuma kira Tony Allen ya zauna a kan ganguna, shekara biyu kafin rasuwarsa. A bakinta firgicin nan na Byrne ya koma biki, tambayar da ke cikin waƙar ta zama ta wanda ya tsira yana mamaki. Tun kafin faifan ya fito ta gwada aikin a zauren Carnegie Hall na Niyu Yok a 2017, kuma da aka zo kan wannan waƙa Byrne ya fito suka rera ta tare.